Mijinyawa da Matakala Bakwai

In ka shiga unguwar Dar es Salam ta Yamai kana cigiyar Mijinyawa baduku, da wuya a nuna maka shi a zaune. Abin da za a ce maka shi ne, "Yanzun nan ya wuce." Rumfarsa tana nan daura da masallacin layi, fatu na rataye, basilla a soke jikin ginshiƙi, amma mai rumfar ya gangara majema bakin kogi duba fata, ko ya tafi jana'izar wani da ko sunansa bai gama riƙewa ba. Mutumin da shan inna ya cinye wa ƙafafu tun yana ɗan shekara huɗu, shi ne ya fi kowa yawo a layin. Matarsa Asma'u takan ce da Allah ya bar masa ƙafafun nan, da sai dai ta riƙa jin labarinsa a rediyo.

Kekensa mai ƙafa uku ne, irin wanda ake murza fedarsa da hannu. Ya yi masa kujera da fatar sa, ya ɗaura masa ƙararrawa mai kaifin murya. Shekara talatin da ɗoriya yana murza shi a titunan Yamai, har damatsansa suka zama na ɗan kokawa. Ya san garin kamar yunwar cikinsa, sai dai nasa sanin daban ne. Wasu da sunan unguwanni suke sanin gari, shi da matakala ya san shi. Inda ake yin takardar haihuwa, huɗu. Inda ake duba ido, biyu da rabi, don ta ukun ta gutsure. Wani ofishi a unguwar Plateau, goma sha ɗaya, ga mai gadi mai baƙin rai. A duk waɗannan wurare abu guda ake yi masa: a bar shi a ƙasa cikin rana, a karɓi takardarsa a shiga da ita, a fito masa da amsa. Takardunsa sun sha iskar fanka a ofisoshi da yawa waɗanda shi bai san launin bangonsu ba.

Kuma ba ya yarda a ɗauke shi, wannan kowa a layin ya sani. Har ya kai shekara goma sha ɗaya uwarsa ce ke goya shi a ƙauyensu can ƙasar Madawa, ƙafafunsa na reto har gwiwarta, mutane na bin su da ido. Ranar da ya samu keke ya yi wa kansa alkawari: bayan ɗan Adam ba zai sake hawa ba, ɗaukar da ta rage masa ita ce ta makara.

Dukanci kuwa a hannun Baba Ousmane ya koye shi, wani tsohon baduku na Madawa, mai ƙarancin magana da saurin hannu. Uwarsa ce ta sauke shi a zauren tsohon, ta ce ga shi nan, hannuwansa lafiya lau suke. Shekara tara ya yi a zauren. Ya koyi yanka, ya koyi rini da karan dafi, ya koyi zane da ɗinki iri-iri, har abu ɗaya tak ya rage. Dukawan gidan suna da al'ada, maigida ba ya nuna wa wanda yake koyarwa ɗinkin ƙarshe sai ranar yaye, ranar da za a tara dattawa a yanka akuya a sa masa albarka. Ɗinkin ƙarshe na Baba Ousmane shi ne wanda suke kira ɓatan kai. Da shi ake rufe bakin gafaka, jakar fatar nan da malamai ke sa littafi. In ka duba shi ba ka ganin inda zaren fata ya fara balle inda ya ƙare, kuma komai daɗewa ba ya warwarewa. In tsohon zai yi shi, ɗaki yake shiga ya saki asabari.

Saura wata huɗu a yaye Mijinyawa ƙaiƙayin tafiya ya ci ƙarfinsa. Samarin gari na dawowa daga Yamai da agogo a hannu da labarin gada da fitilu. Ya roƙi tsohon a matso da ranar, tsohon ya ce sai bayan girbi. Ya ce shi ba zai iya jira ba, tsohon ya ce, "To, hanya ga ta nan." Washegari ya ja jiki ya haye motar albasa. A ransa shekara ɗaya zai yi ya dawo, amma damina na zagayowa zazzaɓi ya ɗauke Baba Ousmane, ya tafi da ɓatan kai a cikinsa. Sauri ya haifi nawa. Shekara talatin da bakwai Mijinyawa na gwada ɗinkin nan da ka, ya ɓata fata ba adadi, bai taɓa dacewa ba. Abin ya tsaya masa a rai, kuma ba ya ɓoyewa. In aka yabi aikinsa sai ya ce shi baduku ne da ba a yaye ba.

Bara kuma likita ya gaya masa tansiyon ce, wato hawan jinin ido, ta kama masa idanu, irin wadda ba ta warkewa, sai dai a riƙa ɗiga magani a rage mata gudu. Ganinsa na ƙuntata daga gefe, kamar mai leƙe ta bututu. Na hagu ya kusa tafiya gaba ɗaya. Tun daga nan yawonsa ya ƙaru, kai ka ce so yake ya gama kallon garin kafin a rufe.

Ana cikin haka wata Laraba 'yarsa Rahama, malamar makarantar firamare, ta dawo daga aiki ta tarar da shi yana shirin fita.

"Baba, yau na ga sunan garinku a Plateau," in ji ta. "Mun kai 'yan ajinmu kallon kayan gargajiya a wani zaure. Akwai wata gafaka cikin gilashi, an rubuta Ousmane, baduku, Madawa."

Hannunsa ya tsaya a kan feda. Ta nuna masa hoton da ta ɗauka a ɓoye da wayarta, don an hana ɗauka. Hasken fitila ya kwanta a kan gilashin ya ci rabin hoton, amma ya gane ta. Jar gafaka ce mai tauraro takwas, wadda wani Bature ya sa aka yi masa shekarar da Mijinyawa ya gudu. Shi da hannunsa ya rina fatar. Ya kai wayar har bakin hancinsa yana neman ɗinkin, ba abin da ya gani sai wani jan layi. Rahama ta ce magadan Baturen ne suka ba da aronta, kuma saura kwana goma sha bakwai a rufe baje kolin a mayar da ita ƙasarsu. Ranar abinci bai shiga cikinsa ba.

Da safe ƙarfe tara ta yi masa a Plateau. Zauren tsohon gini ne mai faffadar baranda, an ɗaga shi sama da ƙasa. Tun daga bakin ƙofar shinge ya ƙirga matakala: bakwai. Yana tsayar da keke a gindinsu mai gadi, wani dogo mai suna Halidu, ya ɗaga masa hannu daga sama.

"Kala suru, malam, ka yi haƙuri. Yau ba Juma'a ba ce."

"Ka ji na ce a ba ni?" in ji Mijinyawa. "Kallo na zo, kamar kowa."

Halidu ya ji kunya, ya sauko da sauri yana ba da haƙuri. Ya ce abin ai mai sauƙi ne, bari ya kira mutum biyu su ɗaga shi.

"Ni buhun hatsi ne? Kira min mai wurin."

Mai kula da zauren wata mace ce 'yar Damagaram, Madam Balkissa. Ta sauko matakalar bakwai har ƙasa, ta tsaya a rana tare da shi, abin da ba kasafai masu ofishi ke yi ba. Ya ba ta labari tun daga zauren Baba Ousmane har zuwa maganin ido. Ta saurara har ƙarshe. Ta ce fito da gafakar waje ba zai yiwu ba, kayan aro ne, an sa hannu a takarda ba mai taɓawa. Amma akwai siminti da ya rage daga gyaran katanga, kuma ƙananan gyare-gyare a hannunta suke. In za a samu magini, sai a yi gangara a jikin matakalar, ya hau da kekensa. Ta ce da ma abin na damunta, kullum tana cewa za a yi.

"Magini ina da shi," in ji Mijinyawa. "Bawana ne."

Yacouba yake nufi, maƙwabcinsa, katanga ɗaya ta raba su shekara talatin. Yacouba Bazabarme ne, Mijinyawa Bagobiri, don haka tsakaninsu wasan taubasai ne, kowa na cewa shi ne ubangida, ɗayan bawa. Ba su taɓa gaisawa ba tare da zagi ba, kuma ba wanda ya taɓa cin naman salla bai aika wa ɗayan ba. Da ya je masa da maganar, Yacouba na wanke cokalin gini, ko ɗagowa bai yi ba.

"Hanyar da keke zai hau? Wannan ai ko barci nake ina yin ta. Rabin gidajen Dar es Salam ni na yi musu."

"Bari in gwada maka yadda nika son ta."

"Shekara talatin ina maso, ina gina gidaje, Bagobiri ne zai koya mini aiki? Je ka ɗinka takalminka."

Sai dai Yacouba na da wani aiki a Tondibia, ginin da mai shi ke ɗokin tarewa. Yau ya ce gobe, gobe ya ce jibi. Mijinyawa ya rasa inda zai sa kansa. Ya fara takalmi ya ajiye, ya yanka jaka ya karkace. Kullum da safe sai ya rufe idon dama da tafin hannu ya gwada na hagu, sannan ya sauya, yana auna abin da ya rage masa. Sau biyu yana murza keke har Tondibia cikin rana, ya tsaya gindin ginin yana kaɗa ƙararrawa har leburori suka haddace shi. Asma'u ta ce in bai yi hankali ba, kafin idon ya tafi zuciyar za ta riga shi.

Sai ranar Laraba ta ƙarshe Yacouba ya je, saura kwana uku a rufe. Kafin Mijinyawa ya iso da la'asar har ya gama, ya lulluɓe tsakiyar matakalar da jiƙaƙƙun buhuna, ya danne da duwatsu da katakai tun daga sama har ƙasa. Mijinyawa ya miƙa hannu zai ɗaga buhu ɗaya, Yacouba ya buge hannun. Ya ce siminti amarya ne, ba a buɗe shi sai ya kwana uku, Asabar bayan azahar zai yaye da kansa. Alhamis da Juma'a Mijinyawa ya zo ya zagaya buhunan ya koma. Halidu ne ke yayyafa musu ruwa safe da yamma.

Ranar Asabar ya sa farar rigarsa ta salla. Ya ɗiga magani, ya zuba zaren fata da ƙaramar basilla a aljihu. Rahama ta biyo shi a taksi. Ƙarfe shida za a rufe zauren, Litinin gafaka ta hau jirgi. Madam Balkissa ta fito baranda, Halidu da wasu 'yan kallo suka taru, Yacouba ya tuɓe buhuna ɗaya bayan ɗaya yana murmushi.

Gangara ce kam, kuma ta yi kyau. Sumul take, an ja mata layuka da bakin cokali don kada ta yi santsi. Faɗinta taki biyu na hannu, tana tsakiyar matakala, ta miƙe tsaye kamar tsani. Duk wanda ya zauna Yamai ya san ta. Ita ce ake yi a ƙofar kowane gida don a tura babur ciki da yamma.

"Ka gani?" in ji Yacouba. Ya kama baburinsa ya tura shi sama, ya sauko da shi. "Ko numfashi ban yi ba."

Madam Balkissa ta fara tafi, ta ga ba wanda ya taya ta a ƙasa, ta bari. Mijinyawa ya kama feda. Ya ja baya, ya saita keke, ya murza. Ƙafar gaba ta hau gangarar lafiya lau. Ƙafafun baya biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, suka daki matakala ta fari suka tsaya cak. Ya sake ja da baya ya murza da ƙarfinsa duka, keken ya ɗaga kai kamar zai kife da shi, Rahama ta riƙe.

Murmushin Yacouba ya bushe. Ya dubi gangarar, ya dubi keken, ya durƙusa ya auna tsakanin ƙafafun baya da hannunsa, taki huɗu da ɗan yatsa. Shekara talatin keken nan na wucewa ta ƙofar gidansa, ya sha tura shi in ya maƙale a yashi, amma da aka ce masa keke, hannunsa abin da ya saba ya yi. Kuma ba shi kaɗai ba. Madam ta ga aikin ranar Laraba kafin a rufe ta ce ya yi, Halidu ya kwana uku yana ba shi ruwa. Duk masu ido biyu ne lafiyayyu, ba wanda ya ga komai.

"Wallahi, Mijinyawa," in ji Yacouba, kuma rabon da ya kira shi da sunansa har an manta. "Ƙafa ɗaya na lissafa."

"Na gani."

"In kawo guduma yanzu..."

"Ka fasa, ka gina, ya kwana uku? Jirgin zai jira ka?"

Ƙarfe huɗu ta gota. Mijinyawa ya ji wani baƙin ciki ya taso masa, ba na Yacouba kaɗai ba, na dukan matakalan garin. Amma ba shi da lokacin fushi. Ya sa hannu ƙarƙashin kujera ya zaro tsofaffin silifa biyu, waɗanda yake sa wa hannu in zai shiga masallaci. Ya naɗe farar rigar ya cusa a gaba, ya zamo daga keke ya sauka ƙasa. A gidansa da masallacin layi yana rarrafe ba ya jin komai, can 'yan uwa ne. Amma nan Plateau ce, ga baƙi, ga 'yarsa. Ya hau ta fari, ya jawo ƙafafunsa da hannu, ya hau ta biyu. Wani ya matso zai taimaka, Rahama ta girgiza masa kai. Kafin ya kai ta bakwai rigar ta yi baƙi a gwiwa, zufa na ɗiga daga gemunsa.

Cikin zauren da sanyi, ga dogayen akwatuna na katako masu murfin gilashi a jere. Madam ta wuce gaba yana biye da ita a ƙasa, har kusurwar ƙarshe. Ta tsaya ta ce, "Ga ta nan, Baba." Ya ɗaga kai. Katako ya gani. Akwatin ya kai ƙirjin mutum a tsaye, an yi shi don mai tsayuwa ya sunkuya ya duba.

Halidu ya ruga ya kawo kujerarsa ta gadi. Mijinyawa ya kama ya haye, ya dafa bakin akwatin ya ɗaga jikinsa iya ƙarfin hannu. Ya hango jan abu kwance can tsakiya, bakinsa na fuskantar bango. Mai lafiyar ido ma daga nan ba zai karanta ɗinki ba, balle shi da sai ya kalli abu kai tsaye, daga sama, kusa-kusa. Hannuwansa suka gaji, ya koma kan kujera.

"Madam, a buɗe a juyo min ita. Ba zan taɓa ba."

Ta sunkuyar da kai. Ta ce makullin na hannun darakta, shi kuwa ya tafi misiyon, wato aikin ofis, a Dosso, sai gobe da masu ɗaure kaya zai zo. Ta kira shi sau huɗu a gabansu, wayar ba ta shiga. Ta ce ko a haɗa tebur da kujera, aka duba, teburin da ke zauren duk a kafe suke. Biyar da kwata ta yi. Mijinyawa na zaune, kamu ɗaya tsakaninsa da abin da ya nema shekara talatin da bakwai, yana kallon katako. Ya san in ya fita ƙofar nan shi ke nan, gafaka ta tafi, ido ma yana hanya.

Sai Yacouba ya zo ya juya masa baya, ya durƙusa a gaban kujerar.

"Tashi daga nan," in ji Mijinyawa.

"Ba na tashi."

"Ka san ba a ɗauka ta."

"Wa ya ce ɗaukar ka zan yi? Ina ni ina ɗaukar ƙaton Bagobiri?" Muryarsa ba ta yi kama da ta mai wasa ba, amma ya ci gaba. "Sarki ne zai hau doki. Shekara talatin kana cewa ni bawanka ne ina musu. To yau na yarda, a gaban shaidu. Hau, ubangidana. Gobe in ka faɗa wa wani in ce ƙarya kake."

Bazabarme bai taɓa sallama wa Bagobiri wannan magana ba, kuma dukansu sun san haka. Da Halidu ne ya durƙusa, ko wani daga cikin 'yan kallo, da Mijinyawa ya gwammace ya fita da makantarsa. Amma abin da taubashi ya yi maka ba ya zama gori, haka aka gada. Duk da haka bai ji sauƙi ba. Kunya ya ji, da haushi, da wani abu mai ɗaci da ya baro tun ƙauye. Ya dubi Rahama, ta juya fuskarta ga bango. Ya cire silifan daga hannu, ya ajiye su a kan kujera, ya rungumi wuyan Yacouba.

"Tashi a hankali, doki. In ka kā da ni, sai na sayar da kai."

Yacouba ya miƙe da ƙyar, don ya ba sittin baya, ga nauyin ƙirjin mai murza keke. Ya zagaya ta gefen bango, ya sunkuya bisa gilashin. Madam ta kashe fitilar da ke sama don hasken ya bar gilashin, ta kunna ta wayarta ta haska daga gefe.

Ga ta. Jar fatar ta dushe, taurarin takwas na nan. Mijinyawa ya rufe idon hagu, ya tattara abin da ya rage na dama a bakin gafakar. Da fari layi kawai ya gani. Ya ce a matsa, aka matsa, har numfashinsa na dusashe gilashin. Sai ɗinkin ya fito masa tsaf. Ya bi shi huda-huda, ya kai kusurwa inda shekaru suka ɗan buɗa fatar, a nan ya ga abin. Zaren a tsage yake gida biyu. Rabi ya bi ta sama ya yi gaba, rabi ya nutse cikin naman fatar ya koma baya ya ɗaure ɗan'uwansa. Shi kuwa duk shekarun nan gaba kawai yake kora zare.

"Ka gani?" in ji Yacouba.

"Na gani."

"To, alhamdu lillahi. Sauka."

"Tsaya. Ido na mantuwa, hannu ba ya yi."

Ya saki wuyan da hannu ɗaya, ya laluba aljihu ya zaro zare da basilla. Ya tsaga zaren da haƙori. Ya nemi abin da zai ɗinka bai samu ba, sai ya kama wuyan rigar Yacouba ya soka. Huda ta fari ta karkace, ya zare. Ya sake duban gilashi, ya sake sokawa. Hawaye suka taru masa, ya goge da kafaɗa cikin fushi, don ba shi da ganin da zai ba su. Zufa na zuba daga goshin Yacouba bisa gilashin, Madam na sharewa da gefen mayafinta. Shida ta yi, ta gota. Halidu na tsaye bakin ƙofa da makullai a hannu, ya damƙe su don kada su yi ƙara. A huda ta tara Mijinyawa ya ja zaren da ƙarfi, bai motsa ba. Ya shafa da yatsa yana neman inda ya fara, bai samu ba.

"Sauke ni," ya ce.

Matakalar bakwai da kansa ya sauko su, da hannu, kamar yadda ya hau.

Litinin gafaka ta tafi. Talata Yacouba ya je da guduma zai fasa gangarar ya sake ta da faɗi, da tsawon da keke zai iya hawa. Aka ce masa ya dakata. Ginawa ƙaramin gyara ne, amma fasawa sai da takarda daga sama, kuma gangara mai tsawo za ta ci wurin da motar darakta ke tsayawa. Madam Balkissa ta rubuta takardar, ta sake rubutawa. Har yau gangarar na nan yadda take. Ma'aikatan zauren sun ji daɗinta ƙwarai, don yanzu baburansu a inuwar baranda suke wuni.

Mijinyawa na ɗinka ɓatan kai yanzu, ko bai duba ba, kuma gara haka, don idon hagu ya rufe a watan azumi. In ka yaba masa, ka ce ashe dai ya shiga zauren nan ya samo abinsa, sai ya gyara maka zance.

"Ɗinki na samo. Shiga kam, ban shiga ba tukuna."

Duk Asabar yakan murza keke har Plateau, ya tsaya a gindin matakalar ya kaɗa ƙararrawa sai Madam ta fito baranda. Ya tambaye ta ko takarda ta dawo, ta ce tukuna, Baba. Ya ce to, sai wata Asabar, ya juya keke ya kama hanya.